Yaya Lamduan da Karenta Mai Dogayen Kunnuwa

A layinmu na bakin kogin Nan, a garin Phitsanulok, babu wanda bai san Lamduan mai busasshiyar ayaba ba. Ni sunana Pranom. Shagona na gyaran gashi yana kallon ƙofar gidanta, kuma tun da na tare a layin ina amarya nake kiranta Yaya, don ta girme ni da 'yan shekaru. Doguwa ce, mai faɗin fuska, mai magana ƙasa-ƙasa, kuma komai nata a hankali take yinsa. Shekarar da kogi ya cika ya shigo mana gidaje, muna ta ihu muna jefa kaya kan rufi, ita kuwa sai da ta naɗe tabarmarta tsaf, ta juye sauran miyar safe a kwano mai murfi, sannan ta tako cikin ruwa ta same mu a kan tudu. Mu da muka yi gaggawa babu wanda ya tuna da abinci. Miyarta muka sha ranar.

'Yar ƙauye ce daga kudancin gari, inda gonakin ayaba suka fi gidaje yawa, kuma a hannun mahaifiyarta ta koyi sana'ar. A ɓare ƙananan ayabar nan masu zaƙi, a jera su a faifan gora, a kai rana. Da yamma a kwashe a rufe su da ƙyalle su kwana, zumarsu ta fito. Bayan 'yan kwanaki a danne kowace ɗaya da tafin hannu ta baje, a sake mayarwa rana. Wanda ya yi sauri ayabarsa za ta yi baƙi, ko ta yi tsami. Ta Lamduan kuwa jawur take fitowa, tana sheƙi, har mutanen Bangkok sukan sauko daga jirgin ƙasa su tambayi ta "matar nan mai shiru-shiru".

Mijinta Sanoh direban keke mai ƙafa uku ne, irin wanda ake tuƙawa da ƙarfin cinya. Shi ne yake kai mata kwandunan ayaba tashar jirgi tun tana budurwa. Mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, ko shinkafa a tsaye yake cinta.

"Yarinya, jirgi zai tafi fa!" haka yakan ce, ƙafarsa ɗaya a kan feda.

"To je ka riƙe min shi," in ji ta, tana ɗaure bakin kwando.

Yana cikin tuƙi ya ce yana son aurenta, bai ko waiwayo ba. Sai da damina ta wuce ta ba shi amsa. Suka zauna lafiya shekara da shekaru, suka haifi 'ya ɗaya, Rattikan, wadda ta zama ma'aikaciyar jinya a Bangkok. Sanoh ba ya rabuwa da kare, kuma kullum irin na yankinmu ne, Bangkaew, masu gashi buzu-buzu da jela a naɗe, waɗanda ba su san gajiya ba. Duk inda kekensa ya bi, kare yana biye da gudu. Da tsufa ya zo, Sanoh ya kwanta 'yar gajeruwar jinya ya rasu, karensa na ƙarshe ma bai daɗe ba ya bi shi.

Daga nan gidan ya yi tsit. Yaya Lamduan ba mai kuka a gaban mutane ba ce. Ayabarta ba ta fasa ba, amma ta daina zuwa tasha, wani ɗan kasuwa yake zuwa ya kwasa a ƙofar gida. In na leƙa daga shago sai in gan ta zaune a inuwa, hannu a cinya, tana kallon faifai. Jiki ya yi nauyi, likita ya ce suga ya hau, jini ma ya hau.

Rattikan ta zo hutu, ta tsaya a tsakar gida riƙe da ƙugu.

"Inna, likita ya ce sai kin riƙa tafiya."

"Ina tafiya mana. Wa yake kai ayaba rana? Ke?"

"Daga ƙofar kicin zuwa tsakar gida ba tafiya ba ce, Inna."

"A wurin wa?"

Rattikan 'yar ubanta ce, ba ta jiran a gama magana. Washegari sai ga ta da matashin kare fari mai dabbare-dabbaren toka, Bangkaew sak irin na marigayi. Ta sa masa suna Jaruat, wato roka. Ta ce shi zai tilasta wa uwarta fita safe da yamma, ga shi kuma zai yi gadi. Ta hau jirgi ta koma bakin aikinta, ta bar mu da roka.

Kafin sati ya zagayo Jaruat ya kifar da faifan ayaba har sau ba adadi. Ba mugunta ba ce, tsuntsu yake bi. Ya haƙa rami a gindin bishiyar lemo, ya yaga labulen ƙofa, ya kori mai kawo wasiƙa har bakin titi. In Lamduan ta ɗaura masa igiya, kafin ta gama sa takalmi ya zagaye ta sau uku ya ɗaure mata ƙafafu.

Na ce, "Yaya, ba ni shi nan, ke ba ki iya ba."

Ban san yadda aka yi ba, sai tsintar kaina na yi a gaban masu kifi a kasuwa, takalmi ɗaya a ƙafa, ina haki, mata suna ta tafa min. Da na dawo na tarar da ita a inda na bar ta.

"Har kun dawo?" ta ce. Ta daɗe tana kallon karen yana cin abinci a tsaye, yana waige-waige. "Pranom, dubi yadda yake ci. Anya ba Sanoh ne ya dawo ba?"

"In shi ne, ki ce ya je ya nemo min takalmina."

Ranar na fara jin dariyarta tun bayan rasuwar. Tana son karen, wannan ba shakka. Tausayinsa ma take ji. Da yamma yakan tsaya a bakin ƙyaure yana kallon yara masu tseren keke, yana kuka ƙasa-ƙasa, ita kuma ta ce, "Ba laifinsa ba ne. Ƙafafunsa ke masa ƙaiƙayi, ni kuma nawa barci suke ji."

Muka koma fita da shi mu biyu da sassafe, kowa ta riƙe igiyar da hannu bibbiyu. Wata safiya muna kan hanyar bakin kogi, yana jan mu kamar saniyar noma, sai muka hangi wani saurayi ƙaƙƙarfa cikin gajeren wando da takalmin gudu, ya durƙusa a tsakiyar hanya yana magiya. A gabansa wani abu ne a shimfiɗe, dogo, ja da fari, kunnuwa baje a ƙasa kamar an shanya tsumma biyu.

"Salapao, ka yi wa girman iyayenka ka tashi," in ji saurayin. "Ko zuwa waccan bishiyar ce kawai. Mutane na kallonmu."

Karen ya ɗaga ido ɗaya, jajir, mai kama da na wanda aka yi wa rasuwa, ya mayar ya rufe.

"Samari, lafiya?" Lamduan ta tambaya. "Ciwo yake yi?"

"Lafiyarsa ƙalau, Goggo. Likitan dabbobi ya duba shi ciki da waje. Halinsa ne kawai."

Na ce, "Wane iri ne wannan kuma? An ja shi ya yi tsawo, aka manta ba a sa masa ƙafafu ba?"

Saurayin ya yi dariya, ya miƙe ya gaishe mu da hannu biyu a haɗe. Sunansa Thawin, ɗan kwana-kwana ne, ba a daɗe da kawo shi garinmu ba. Ya ce, "Baset ake ce musu, Goggo. Wai karen farauta ne na Turawa. Ni da na ji an ce farauta, sai na ce shi ke nan, na sami abokin gudu. Ashe zomo ake bi da su, da hanci, mafarauci yana biye yana taku ɗai-ɗai. Babu wanda ya gaya min. Kullum ni nake saɓo shi a kafaɗa in kai gida, ga shi da nauyin buhun shinkafa. A wurin aiki har sun fara ce min mai goyo."

Yana cikin magana wani mai keke ya wuce. Jaruat ya fizge igiyar daga hannunmu mu duka biyu, ya ɗiba a guje.

"Ku riƙe min wannan!" in ji Thawin, ko da yake babu abin riƙewa, ya bi bayan Jaruat kamar an harba shi.

Yaya Lamduan ta nemi benci ta zauna tana mayar da numfashi. Can sai Salapao ya miƙa ƙafafun gaba, ya huta, ya miƙa na baya. Ya tako a hankali, kunnuwa suna sharar ƙasa, ya shinshina bakin zaninta mai ƙamshin ayaba, ya daɗe yana shinshinawa. Sannan ya ɗora haɓarsa a kan ƙafarta, ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya, ya ci gaba da barcinsa.

"Pranom," ta ce a hankali, kamar kar ta tashe shi, "zo ki ji nauyin kansa. Kamar turmi."

Ba ta janye ƙafar ba. Hannunta ya sauka ya kama kunne ɗaya, tana murza shi tsakanin yatsu yadda take taɓa ayaba ta ji ko ta yi.

Rana ta ɗan ɗaga kafin Thawin ya dawo, riga sharkaf da gumi, igiya a hannu, shi da Jaruat kowa baki a buɗe.

"Goggo, wannan kare naki! Har gadar jirgi muka kai muka dawo, bai ko nuna ya gaji ba!" Ya tsuguna yana shafa wuyan Jaruat, shi kuma, wanda bai taɓa zama don kowa ba, ya zauna.

Thawin ya ɗago kai. Ya dubi karensa a kan ƙafar tsohuwa, Lamduan ta dubi nata a gefen saurayi.

Na ce, "To, ku biyun nan, sai na faɗa muku, ko kun gani da idonku?"

"Ke dai kin cika azarɓaɓi," in ji Lamduan. "Kare ba riga ba ne da za a ce ta yi min kaɗan a canjo wata. Kuma 'yata ce ta ba ni shi."

Abin da aka shirya shi ne a riƙa haɗuwa kowace safiya a bencin nan. Thawin ya ɗauki Jaruat su yi gudunsu, ita kuma ta zauna da Salapao. Zaman bai daɗe yana zama ba. Salapao ya ƙi gudu ne, bai ƙi yawo ba. In ya gama barcin farko sai ya sa hanci a ƙasa ya kama wani ƙamshi da shi kaɗai ya sani, ya bi shi sannu a hankali, ita kuma ta miƙe ta bi shi. In ya tsaya a gindin bishiya yana nazari, ta tsaya ta huta. Tafiyarsu ta zo ɗaya kamar tare aka auna su.

Karnukan ne suka yanke hukunci da kansu. Wata rana Salapao ya biyo ta har gida, ya shige ƙarƙashin gadon shanya inda inuwa take da sanyi, ya baje. Thawin ya zo ɗaukarsa, ya ja, ya lallaɓa, ya nuna masa nama, ko gezau.

"Bar shi ya kwana," in ji Lamduan. "Kai ma tafi da wancan ya kwana a wurinka, mu gani."

Daga kwana ɗaya aka koma sati, daga sati aka daina lissafi. Sai da bikin sabuwar shekara ya zo, lokacin da ake watsa wa juna ruwa a titi, Rattikan ta dawo gida. Ina shago na jiyo muryarta.

"Inna! Ina karen da na kawo miki? Wannan kuma mene ne, kare ne ko matashin kai?"

"Gaishe shi mana, sunansa Salapao."

"Na kawo miki wanda zai sa ki motsa jiki, kin je kin samo wanda ya fi ki son kwanciya! Anti Pranom, kina kallo aka yi wannan?"

Na leƙo na ce, "Ni ce ma dillaliyar. Ki kwana ki tashi da wuri, ki bi su ki gani."

Ta bi su washegari, ni ma na bi don kar a ba ni labari. Salapao ya kai mu wurin mai taliya, inda aka saba ajiye masa ruwa a kwanon roba. Ya kai mu bayan haikali, ya tsaya ya gaisa da kyanwar da ba ta tsoronsa. Daga nan ya ratsa wani lungu ya ɓulla da mu gaban tashar jirgi, wurin da tsofaffin direbobin keke suke zama a ƙarƙashin bishiyar tsamiya. Suna hango Lamduan suka fara gyara mata wuri a benci.

"Matar Sanoh ta iso! A kawo kofi mai madara, kar a sa suga, likita ya hana!"

Rattikan ta tsaya sororo. Ta san uwarta ba ta taka wurin nan ba tun rasuwar ubanta. Lamduan ta ce mata, "Shi ya kawo ni. Ranar farko na ja igiya na ce mu koma, ya ƙi. Kin san shi in ya ƙi abu." Wani tsoho mai haƙori ɗaya ya kama hannun Rattikan yana ba ta labarin ranar da ubanta ya yi tsere da motar ɗan sanda ya ci. Ta yi dariya, ta yi kuka, ta sha kofi. Da muka dawo gida ita ce ta fara neman kujera.

"Kullum haka kuke yi?"

"In ba a yi ruwa ba. In an yi ruwa ba ya fita, ba ya son cikinsa ya jiƙe."

Rattikan ta ɗauko abin awon jini daga jakarta ta ɗaura wa uwarta, ta duba, ta sake dubawa. Da ta ga jinin ya sauka, sai ta tsuguna ta sosa wa Salapao bayan kunne. Da yamma Thawin ya kawo Jaruat ta gan shi, ya yi ƙiba, gashinsa na ƙyalli, wai har ya zama ɗan gidan 'yan kwana-kwana, in an busa jiniya shi ne farkon isa bakin mota. Ni kuwa ganin saurayi da budurwa a tsakar gida ɗaya, sai na fara tari ina ƙifta ido. Lamduan ta taka min ƙafa. Daga baya na ji ashe Thawin yana da wadda zai aura a garinsu. Ba kowane dillanci ne yake karɓata ba.

Zama da Salapao yana da nasa hidimar. In zai ci abinci kunnuwansa suke riga shi shiga kwano, don haka na kawo abin matse gashi daga shago, mai ruwan hoda, ana tattare masa su a ƙeya kamar amarya. Lamduan takan goge masa cikin kunnuwan da auduga, tana yi masa hira. Likitan dabbobi ya ce kar a bari ya yi ƙiba, kuma kar ya riƙa hawa matakala saboda dogon bayansa, sai Thawin ya zo ranar hutunsa ya kafa gangaren katako a ƙofar ɗaki. Gwiwoyin Lamduan ma suka ji daɗin abin. Da tsakar rana yana kwance a kan tayil gaban fanka, tsuntsaye suna sauka kusa da hancinsa suna tsattsagar ayaba, yana kallonsu kamar baƙin da ya gayyato. Gadinsa ɗaya ne: in jirgin ƙasa ya yi kuka daga tasha, sai ya ɗaga kai sama ya amsa da wata murya mai kauri kamar daga cikin rijiya, har masu gyaran gashi a shagona su zabura.

Mutane suka fara lura. Na farko shi ne Malam Wichian, tsohon shugaban makarantar firamare, wanda shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi ya koma tafiya da sanda, yana jin kunyar fita. Ya aiko a tambayi Lamduan ko irin karenta zai dace da shi.

Ta je da kanta. Ta ce, "Malam, ni ban san karnuka ba, wannan ɗaya na sani. Yana da sanyi, amma yana da nauyi, in ya ja ka wajen wani ƙamshi zai kayar da kai. Ka nemi ƙarami. Kuma kar ka ɗauki ɗan kwikwiyo, ko na wane iri ne sai ya yi ƙiriniyarsa. Nemi wanda ya riga ya gama yarinta, kamar mu."

Aka samo masa wata ƙaramar karya irin da ake kira Shizu, mai gashi har ƙasa, wadda masu ita za su bar ƙasar. Ba ta son komai a duniya sai cinya da ɗan zagaye da safe. Malam ya sa mata suna Nun, wato audugar rimi, kuma saboda ita ya fara fitowa. Ni nake rage mata gashin goshi don ta riƙa ganin gabanta, a kujerar da nake yi wa matar hakimi.

Bayansa sai ƙawarmu Thongsuk mai sayar da furanni, wadda ta ɗauko ɗan kare irin da ake kira pug, mai baƙar fuska, hanci a lotse kamar ya yi karo da bango. Shi ba a fita da shi in rana ta yi zafi, numfashi yake masa wuya. Mijinta ya tare Lamduan a hanya ya ce, "Yaya, me na yi miki? A da munshari ɗaya nake fama da shi a ɗaki, yanzu biyu ne, kuma ba sa yi tare, in wannan ta sauke wancan ya ɗauka."

Haka aka taru. Kowace safiya za ka gan su a bakin kogi, tsofaffi da karnukansu, masu gudu suna wuce su suna dawowa suna sake wuce su. 'Yan layi suka sa musu suna ƙungiyar sannu-sannu, su kuma suka karɓa da hannu biyu.

Da bikin haikalinmu na shekara ya matso, masu shiri suka ce za a yi tseren karnuka. Malam Wichian ya ce ba a yi musu adalci ba, su ma a ba su tasu gasar. Aka yi ta dariya, amma aka amince: gasar kwanciya. A shimfiɗa tabarmi, kowa ya kwantar da karensa ya koma gefe, wanda ya fi daɗewa bai tashi ba shi ya ci. Jaruat ya lashe tseren gudu tun da wuri, ba wanda ya yi mamaki. Da la'asar aka zo tamu, aka ba Thawin lasifika ya zama alƙali.

"Jama'a, ga gwanin gwanaye!" ya ce da aka shigo da Salapao, na ɗaura masa jan ƙyalle a wuya. "Ni shaida ne, na goya shi wata da watanni! Duk wanda ya kayar da wannan a kwanciya, zan ba shi hulata ta aiki!"

Duk layinmu a bayansa muke. Aka kwantar da su, aka buga ƙararrawa. Pug ɗin Thongsuk ya fara munshari nan take, jama'a suka kwashe da dariya. Salapao ya baje kamar an zuba shi, ido a rufe. Na ce wa ta kusa da ni, "An gama. A kawo kyautar kawai."

Ashe mai gasa kaji ya ga taro ya koma wajenmu, sai ya turo kekensa ya tsaya ta inda iska take busowa, ya ɗaga murfi ya juya kajin. Na ga hancin Salapao ya motsa. Ya sake motsawa. Ido ɗaya ya buɗe.

"A'a," in ji Thawin a lasifika. "A'a, Salapao. Kar ka yi min haka."

Sai kare ya miƙe zumbur, ya zuba a guje. Gudu na gaske, gajerun ƙafafu suna watsa ƙasa, kunnuwa suna tashi sama kamar zai yi fiffike, fatar fuska tana rawa. Ya tsallake pug, ya bi ta ƙarƙashin teburin alƙalai, ya je ya zauna a gaban mai kaji ya ɗaga kai ya saki muryar nan tasa ta rijiya. Shi ne na farko da ya fita daga gasar.

Thawin ya saki lasifika ya dafe kai. "Ashe ka iya! Munafuki! Ashe duk wahalar da na sha ka iya!"

Yaya Lamduan kuwa tana kan kujera tana dariya har numfashinta yana sarƙewa, hawaye na zuba, tana dukan cinyata. Da ta samu ta yi magana sai ta ce, "Ɗana, ai ba ka taɓa gudu da kaza a hannu ba ne."

Nun ta Malam Wichian ce ta ci. Har aka gama tafi aka rataya mata furanni ba ta farka ba. Malam ya karɓi kyautar, buhun abincin kare da fanka ƙarama, ya tsaya ba sanda ya yi jawabin godiya mai tsawo kamar ranar rabon sakamako, Thawin kuma ya cika alkawari ya kifa masa hular kwana-kwana. Lamduan ta sayi kaza guda da shinkafa mai danƙo da kwaɗon gwanda, muka baje a tabarmar gasar muka ci, ta cire wa Salapao tsoka ba ƙashi ta ba shi a tafin hannu.

Yanzu ta rage aikin ayaba, 'yar ƙaninta ce take yin mai yawan, ita sai dai ta zagaya ta taɓa ta ce wannan ta yi, wannan a ƙara mata rana. Bakin Salapao ya fara furfura. Har yanzu suna fita, kuma ƙungiyar ta ƙaru har an ƙara benci a bakin kogi.

Watan jiya ina tsaka da wanke wa wata kai, sai ga Yaya Lamduan a ƙofar shago da kwando a hannu. Na ɗauka ayaba ce. Ta ajiye a ƙasa ta buɗe, sai ga wata tsohuwar karya 'yar Pekin, ƙarama, mai ido ƙwala-ƙwala da haƙori ɗaya a waje.

"Mai ita ta koma wurin 'ya'yanta a birni, gidan bene, an hana dabbobi," ta ce. "Ba ta haushi, ba ta gudu, ƙarar injin busar da gashi ma ba ta dame ta ba. Na gwada da nawa."

"Yaya, ni fa ban ce ina son kare ba."

"Ban ce kin ce ba. Ajiya na kawo, zuwa jibi."

"Jibin wane wata?"

Ta juya ta tsallaka titi a hankali, Salapao yana jiranta a bakin ƙyaure. Karyar ta fito daga kwando, ta zagaya shagon sau ɗaya, ta zaɓi ƙarƙashin kujerar da nake zama in ba kowa, ta kwanta. Na sa mata suna Som-o, sunan wani ƙaton lemo na wajenmu, don kanta kamar shi yake. Matar da nake wanke wa kai ta ɗago, kumfa na zuba mata a ido, ta ce ita ma mijinta ya yi ritaya ya dame ta da zaman gida, in tambayar mata Yaya ko akwai wata.